Kafin mu sayi fegi a Tsibiri, mu tambayi ruwa



Duk wanda ya bi kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Gidan Rumji a ƴan shekarun nan ya ga abin da muke gani. Da can, in mota ta bar gidajen ƙarshe na Maraɗi, gonakin hatsi ne da gawuna dama da hagu har a shiga Tsibiri. Yau turakun siminti ne suka tsiro cikin gonakin, ga katanga nan da ba ɗaki cikinta, ga tulin bulo can da ciyawa ta rufe, ga allo an rubuta lambar salula bisa kansa. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 15 ba, kuma kowace shekara ratar ƙara tsukewa take. A rumfunan kasuwa ma zancen ke nan: wane ya kama fegi biyu a hanyar Tsibiri, Hajiya wance ta kwashi adashe ta kama ɗaya, kai me kake jira?

Ba mu zo hana kowa saye ba, domin mu ma cikin masu sayen muke. Abin da ya dame mu shi ne, cikin tambayoyin da muke yi wa dillali, nawa ne, mita nawa ne, yana kusa da kwalta ko nesa, ba kasafai ake jin wanda ya tambayi ruwa ba: ina yake bi in sama ta zubo, kuma wane iri za a sha in an tare. Alhali kuwa garin nan da muke rububin shiga, sau biyu ruwa yana gwada masa iyakarsa, kuma shaidun suna nan da ransu.

Sai mun ɗan koma baya, domin da yawa cikin masu sayen fegi a yau sun ɗauki Tsibiri tamkar wata sabuwar unguwar Maraɗi ce da take jiran a yanka. To ba haka ba ne. Tsibiri gidan sarautar Gobir ne. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, Gobirawa sun yi kusan shekara talatin ba su da tsayayyen mazauni. Katsinawa ma irin wannan ta same su, su ne suka zo suka zauna Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka kwanta a fagen daga. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya tattara mutanensa ya kafa Tsibiri, dab da ƴan uwansa Katsinawa, domin in abokin gaba ya taɓa ɗaya, ɗayan ya ji. Ke nan tun farko maƙwabta ne, kowa da fadarsa, kowa da ƙasarsa. A Tsibiri ga Inna mai riƙe da sha'anin mata, a Maraɗi ga Iya. Ba wanda aka kafa domin ya zama wurin kwanan wani.

Garuruwan biyu a cikin kwarin gulbi aka gina su, kuma masu ginin ba wauta suka yi ba. A lokacin kwarin kurmi ne mai duhu, dokin maƙiyi ba ya sukuwa cikinsa, ruwa yana kusa, ƙasa tana da albarka. Tsaro suka saya da haɗarin ruwa, kuma sun san abin da suka saya. Sunan garin ma da kansa ya isa ishara, domin kowa ya san abin da Bahaushe yake kira tsibiri: tudun da ruwa ya kewaye.

Shekara ɗari da ƴan kai cinikin nan yana tafiya, har damanar 1945, lokacin da gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya shiga gari. Gidajen ƙasa suka jiƙe daga tushe suka zauna, rumbuna suka tafi da abin da ke cikinsu. Tsohuwar Maraɗi ta rushe, Tsibiri ma ba ta tsira ba. Daga nan ne mulkin Faransa na lokacin ya sa aka hau tudu, aka shata sabon gari da faffaɗan tituna masu miƙewa daga dandalin fada. Unguwannin Maraɗi irin su Bagalam, da Ƴandaka, da Maradawa, da Ɗan Gulbi, da Limanci, da sunayensu suka hawo daga kwari. Mu lura da wannan da kyau: Maraɗin da muke kasuwa cikinta yau, da Tsibirin da muke sayen fegi gefenta, duk garuruwa ne da suka gudo wa ruwa. Kakanninmu sun bar gidajen da aka haife su, sun bar kushewun iyayensu a ƙasa, sun hau sama, ba don marmari ba.

To yau ina muka nufa? Muna gangarawa inda suka baro. Dalilin kuwa kowa ya san shi: fegin gangare ya fi araha, laka tana kusa, kuma gulbin ya yi shekaru yana lallaɓa mu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya, inda gulbin yake biyowa kafin ya shigo ƙasarmu, zuwansa ya ragu, har yaran yanzu suka tashi suna ganinsa kamar rairayin wasa. Dillali zai rantse cewa shekara ashirin ruwa bai taka wurin ba, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Sai dai gida ba don shekara ashirin ake gina shi ba. Kuma ba gulbi kaɗai ke cin gida ba. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama ne, cikin ƴan sa'o'i, ya mai da titunan Maraɗi koramu, ya rushe gidaje, ya kashe mutane cikin gari, bisa tudun nan da aka gudo. A damanar nan ɗin ce tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya faɗi. Ruwan da ya sauka bisa tudu dole ya nemi hanyar gulbi, kuma hanyar nan ta cikin gonakin da ake yankawa take bi. Manomi ya san ta, domin yana ganin inda yashi yake kwanciya kowace shekara. Mai awo da ya zo cikin rani da igiyarsa, fili kawai yake gani, ya raba mita 20 bisa 20, ya kafa turaku, ya tafi.

Akwai kuma kududdufai. Kowane tsohon gari yana da su, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda da damina suke karɓar ruwan unguwa su riƙe. Muna ƙyamarsu saboda sauro da ƙazanta, kuma da gaskiyarmu. Amma abin da ake yi musu yanzu, a cika su da shara da leda, a watsa yashi sama, a sayar a matsayin fegi, cuta ce biyu: wanda ya gina kai katangarsa za ta tsage domin ƙasan ba ta da ƙarfi, maƙwabtansa kuma ruwan da ya rasa masauki tsakar gidansu zai kwana.

Wannan shi ne ruwan sama. Na biyun ya fi ciwo, kuma da yawa cikin ƴan uwanmu na Tawa da Yamai da suke aiko da kuɗɗi a kama musu fegi, wataƙila sun manta da shi.

A 1985 aka fara ba mutanen Tsibiri ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Murna aka yi, domin wace mace ce za ta ƙi a ɗauke mata jan guga? Ruwan fari tas, ba wari, ba wani ɗanɗano. Shekaru suka yi ta tafiya, sai aka fara ganin haƙoran yara suna yin ja suna ruɓewa, ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu kawunansu suna girma fiye da ƙima, wasu tafiya ta gagare su. Iyaye suka yi ta yawon magani, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, aka sayar da awaki da gonaki. Ashe ruwan ne. Yana ɗauke da wani sinadari da likitoci suke kira fuluwor, wanda ɗan kaɗan nasa yana gyara haƙori, amma in ya yi yawa yana lalata ƙashin yaro mai tasowa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1,5 cikin lita ɗaya. Na Tsibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Kimanin shekara goma sha biyar ana shan wannan ruwa kafin a daina. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, tare da takwararta ta nan gida, ANDDH, suka fitar da rahoto bisa yaran Tsibiri, labarin ya zagaya duniya, kuma yaran da abin ya taɓa dubbai ne.

Yaran nan yau manya ne. Wasu suna cikinmu a kasuwa, wasu ba su iya fita ko ƙofar gida. Ba mu kawo zancensu don mu tayar da tsohon miki ba, kuma ba muna cewa famfon Tsibiri na yau shi ne na jiya ba. An bar waccan rijiya tun tuni. Mun kawo shi ne saboda abin da muke gani a sababbin fegogi. Inda bututun gari bai kai ba, duk mai hali kiran masu injin haƙa yake yi, a yi masa burtsatse cikin gida, ya ɗora tanki da allon hasken rana, ya sha, ya sayar wa ƴan garuwa, su kuma su kai wa mai fura da mai abinci da mai ƙulla ruwan leda. Mutum nawa ne cikinsu ya ɗebi kwalba guda ya kai a auna? Ƙasar da ta ba da wancan ruwa tana nan ƙarƙashin ƙafafunmu, ba ta ƙaura ba. Fuluwor ba a ganinsa da ido, ba a jinsa a harshe, tacewa da ƙyalle ba ta fitar da shi, tafasawa ma ba ta kashe shi, sai dai ta ƙara masa kauri. Kuɗɗin awon bai kai na tankin ba, balle na haƙar. Mutumin da ya iya biyan miliyan a huda masa ƙasa, ba rashin kuɗɗi ne ya hana shi awo ba.

Masu ƙaramin ƙarfi kuma, da suke haƙa gajerar rijiya a gangare inda ruwa yake kusa, tasu matsalar daban ce: fegin ƙarami ne, rijiya a wannan kusurwa, shaddar maƙwabci a bayan katanga, taku biyar tsakani. Wannan ba sai an kai kwalba ko'ina ba, cikin yara ne zai ba da amsa.

Yanzu bari mu juyo kanmu, domin ba daidai ba ne mu yi ta nuna dillali da yatsa alhali da kuɗɗinmu yake aiki. Me ya sa ɗan kasuwa yake sayen fegi biyar, goma, ba tare da niyyar gina ko ɗaya ba? Mun san amsar, kuma ba ta banza ba ce. Manyanmu sun ga bankin BDRN ya durƙushe a 1990. Sun kwana da kuɗɗinsu a watan Janairu na 1994, suka wayi gari an raba darajar sefa biyu. Mun ga naira tana narkewa a hannunmu. Mun ga Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, mun kuma ga takunkumin 2023, kaya suna lalacewa cikin manyan motoci. Ƴan Yamai sun ga wuta ta cinye babbar kasuwa a 1982, ta cinye ƙaramar kasuwa a 2012. Fili kuwa ba ya ƙonewa, ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa, ɗan duwan ba ya tare shi a hanya. Wanda ya mai da ribarsa ƙasa ba mahaukaci ba ne.

Amma wannan asusu namu, wani ne yake biyan kuɗɗin ajiyarsa. Kowane fegi da aka kewaye aka bari, gonar wani ce ta daina ba da hatsi kuma ba ta zama gidan kowa ba. Yankin nan na kudancin Maraɗi yana cikin mafi cunkoso a ƙasar nan, gonakin gado sun riga sun tsattsage tsakanin magada tun kafin mu zo. Magidanci ya sayar, ya sayi babur ya ba yaro kabu-kabu, ya yi aure, ya biya bashi, shekara biyu babur ya mutu, kuɗɗi sun ƙare, ga shi yana ƙodago a gonar wani. Wadda ta fi kowa asara kuwa ba a ko shawarce ta ba: matar gidan, wadda gamanarta take cikin gonar. A nan take samun gyaɗar da take matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, da wake, da yakuwa, da kuɓewa, abin da take kawowa kasuwa ta zuba adashe ta haɗa kayan ɗakin ɗiyarta. Ranar da aka kafa turaku, sunanta ba ya cikin kowace takarda, don haka ba ta da ko dala. Mu da muke sayen zogale da tumatir da rake daga hannun matan gulbi ranar Litinin da Juma'a a kasuwar Maraɗi, mu ne kuma za mu zo muna kukan kaya sun yi tsada.

Sannan fegogin da ba a gina ba suna hana unguwa zama unguwa. A layi mai fegi ashirin, gida uku ne da mutane. Wa zai ja bututu da wayar lantarki saboda gida uku? Wa zai gina lakkwal? Matar da ta yi ƙoƙari ta gina ɗaki biyu ta tare, tana zaune tsakanin kangaye, ba maƙwabci, ba fitila, in naƙuda ta taso da dare sai a nemi amalanke. Kuma kowace safiya sai ta biya kuɗɗin hawa da na kaya zuwa kasuwa, ta biya na dawowa. In ta zauna ta yi lissafin wata, sau da yawa abin da ta gudo wa na haya, shi take miƙa wa mai babur.

Duk da haka mutane suna tahowa, domin Maraɗi ta cika. Ƙidayar 1977 ta samu mutum dubu 44 da ƴan kai a garin; ta 2012 ta samu sama da dubu 267. Ga jami'a da aka buɗe a 2010, ga ma'aikata, ga ƴan ci-rani, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan bakin iyaka. Mai ɗaki ɗaya na haya ya san wuyar da yake sha, ana neman wata uku gaba kafin a ba shi makulli. Saboda haka bukatar gidaje gaskiya ce, kuma Tsibiri na iya ɗaukar wani kaso nata, har ta amfana. Gardamarmu bisa yadda ake yi ne.

Ko ginin da muke yi ma yana bukatar a dube shi. Gidan Tsibiri na da, da zaurensa, da faffaɗar tsakar gida, da turken awaki da rumbu a kusurwa, da soron azara mai sanyi cikin bazara, an gina shi ne domin iyali da sana'arsu. Mace tana da inda za ta soya gyaɗa, ta shanya, ta ɗaure jar akuyarta. Yau in ɗan kasuwa ya tashi gini, jerin ɗakunan haya yake zubawa, ƙofa na kallon ƙofa, a cinye fegin kaf, a bar ɗan lungu da shadda ɗaya ga gida takwas, rufin kwano ƙasa-ƙasa da yake gasa mutum a watan Afrilu. Ba inda ruwan indararo zai nutse, sai titi. Mai ƙaramin hali kuma ya gina da tubalin ƙasa ya shafe da siminti, ya ce ya huta da yaɓe. Magina na gaskiya sun san siminti ba ya auren laka: yana tsagewa, ruwa ya shiga baya ya ɓoye, katanga ta ruɓe ciki tana kyau a waje, har ranar da za ta kwanta gaba ɗaya. Ginin ƙasa ba shi ne abin kunya ba, akwai soraye a Damagaram da Agadas da suka girmi kakanninmu. Abin da yake so tushe ne mai tsayi na dutse ko bulo wanda ya ɗaga shi daga damshi, da indararo mai jefa ruwa nesa, da yaɓe kafin damina. Bayan ambaliyar 2024 gwamnati ta rage farashin siminti. In buhunan da mutum zai iya saye ƙalilan ne, a tushe ya kamata su tafi, ba a kwalliyar gaban gida ba.

Zancen takarda ba za mu daɗe kansa ba, domin duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali ya san shi. Ƴar takardar da mai gona ya dangwala wa yatsa gaban shaidu biyu ba ta hana ƙanensa ya dawo daga Libiya ya ce da rabonsa ciki. Tun 1993 ƙasar nan take da dokar filayen karkara, wadda ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, kuma su ne suke tabbatar da cinikin gona. Fegin da aka yanka bisa ƙa'ida kuwa, takardarsa daga ma'aikatar magajin gari take fitowa, da lambar yanki da lambar fegi. Abu ɗaya za mu ƙara, ga ƴan uwanmu mata. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, a jihar Maraɗin nan aka fara shi a 1991. Ba wanda zai koya muku tara kuɗɗi. To Hajiya, in kin tara shekara biyar kin sayi fegi, sunanki za a rubuta. Ba na maigida ba don kunya, ba na wanki ba don shi ne ya je ofis. Addini ya ba ki dukiyarki, doka ma ta ba ki. Ranar rabon gado, abin da ke rubuce ake karantawa, kuma mun ga matan da guminsu ya shiga kason ɗiyan kishiya suna kallo.

Akwai wani ƙulli da ba ɗan kasuwa ne zai kwance shi ba. Tsibiri kwamin ce mai zaman kanta cikin gundumar Gidan Rumji, Maraɗi kuma birni ne mai nasa tsarin. Mutum yana kwana can, yana biyan fatanti da kuɗɗin rumfa nan. Ruwan sama bai san wannan iyaka ba, shara ma ba ta san ta ba, amma kowace hukuma a bakin nata take tsayawa. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, kowa ya san yankan fegi yana cikin hanyoyin da suka fi kawo wa ma'aikatun magajin gari kuɗɗi da sauri, a ko'ina cikin ƙasar nan. Hanya ce mai daɗi, sai dai ana sayar da ƙasa sau ɗaya ne, alhali titi da magudana da makaranta da asibitin da mazauna wurin za su nema, kowace shekara sai an kashe musu. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi an naɗa masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, bukatarmu ɗaya ce, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Muna so a fitar da taswira guda ta filin da ke tsakanin garuruwan biyu, wadda hukumomin biyu da fadar Gobir da ta Katsinan Maraɗi suka zauna kanta tare da tsofaffin manoma, a shata hanyoyin ruwa da kududdufai da fadama da jan alƙalami, a ce nan ba a yankawa, kome yawan kuɗɗin mai saye. A liƙa ta ƙofar ma'aikatar magajin gari da ƙofar kasuwa, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa, domin mai tallan da ba ta yi boko ba ta san inda za ta kai kuɗɗinta. Muna so duk burtsatsen da ake sayar da ruwansa a auna shi, a rataye sakamakon jikin tanki inda ɗan garuwa zai gani. In akwai garin da ya cancanci ya riga kowa kafa wannan ƙa'ida a Nijar, Tsibiri ne. Muna so kuma filayen da aka ware wa kasuwa da lakkwal da maƙabarta cikin kowane sabon yanki su tsaya yadda aka ware su, kada a wayi gari an gutsuttsura su an sayar. Wanda kuma ya riƙe fegi shekara da shekaru bai aza ko tubali ɗaya ba, to ya biya wani abu duk shekara a yi magudana da shi. Mun san wannan ta ƙarshe ba za ta yi wa wasu manyanmu daɗi ba, har da wasu da muke cin tuwo tare, amma wanda ya iya ajiye fegi goma zai iya.

Kafin a yi wannan, abin da ke hannunmu shi ne lokacin ciniki. Dillalai sun fi son rani, bayan an sayar da aya da wake, kuɗɗi suna hannu, ƙasa ta bushe, ko'ina tudu ne. Mu ce musu mun ji, amma sai watan Agusta, washegarin babban ruwa, za mu je mu taka fegin da ƙafarmu. Mu nemi tsohon da ya noma gonar ko ta kusa da ita, mu gaishe shi da goro, mu ce: «Baba, ina ruwa yake bi a nan?» Mu leƙa gidan da ya riga mu tarewa mu tambayi uwargida inda suke ɗiba, mu dubi haƙoran yaranta. In burtsatse ne, mu roƙi cikin kwalba guda mu kai ma'aikatar ruwa ta jiha da ke Maraɗi a auna mana, kuɗɗin kuma su jira cikin asusu har sakamako ya fito.